Yadi Biyar

A shagona na Rafindaɗi
yadi abu ne da nake riƙewa da hannu:
in shimfiɗa, in ja alli, almakashi ya bi sawu.
Ban san da wani yadin ba
sai ran da Rabe ya miƙo min waya,
ya ce, "Duba, nan ma da yadi ake awo."

Ƙwallon Amirka ce wai,
mai siffar gwanda, ba a cika shurin ta ba.
Rungumar ta ake a ruga,
ƙarti su biyo ka kamar ka ci bashinsu.
Filin ma ba na gaske ba ne.
Kai za ka haifi ɗan wasanka,
ka yanka masa tsawo, ka auna masa nauyi,
na'ura ta buga wasan kana barci,
da asuba ka ga abin da ya aikata.

Na raɗa wa nawa Sada Ɗantela.
Bai san fura ba, bai taɓa ganin Gobarau ba,
amma duk Laraba ni ke ciyar da shi:
maki uku ga gudu, biyu ga kafaɗa,
ɗaya ga hannu, kada ƙwallo ta suɓuce.
Data ta ci kuɗin zare, na sani.

A bango, bayan keken ɗinki,
na rubuta da allin aiki:
yadi dubu a kaka ɗaya,
kambun gwarzon masu gudu.
Can ƙasa, ƙanana, don kunya:
in ya yi murabus, sunansa ya shiga zauren manya.

Sai azumi ya kai ashirin.
Shadda ta taru har ta rufe taga,
Alhaji Mannir na aiko yaro sau uku a wuni,
janareta na tari, bayana na kuka.
Laraba biyu suka wuce
ban leƙa Sada ba.
Da yunwa ya shiga fili, bai yi ƙorafi ba,
aka riƙa kayar da shi tun kafin ya ɗaga ƙafa.

Da kaka ta ƙare aka yi lissafi:
ɗari tara da casa'in da biyar.

Yadi biyar.
Wa zai gaya min girmansa?
Kaftani ne da wando,
har da ɗan ƙyallen da ke saura na aljihu.
Kullum ina saɓa shi a kafaɗa.

Daren rabon kyauta, ƙarfe biyu agogonmu,
ina kan benci, sauro na cin rabonsa.
Kambun ya tafi ga wani
a garin da harshena ya kasa furtawa.
Har zan kashe waya, sai ga Sada
a layin ƙarshe, can ƙasa:
wanda ya fi kowa ci gaba da gudu
bayan an riga an cafke shi.

Kofin bai kai farcen babban yatsa ba,
ko koko ba a sha da shi.
Da safe na nuna wa Gwaggo Sahura,
ta matse ido, ta nisanta wayar, ta kusanto.
"Allah shi yi albarka," in ji ta,
"to, rigar tawa hwa?"

Ban goge bangon ba.
Na dai ƙara kalma ɗaya: baɗi.

Da hantsi wani ya kawo yadi biyar, ruwan toka.
Kafin in sa almakashi
na warware shi a ƙasa,
daga bakin ƙofa har ya wuce gindin keke,
na taka a gefensa a hankali, ina ƙirgawa.

Ka gani, Sada?
Daga nan zuwa can ne kawai.