Tsakanin Ƙarfe da Ƙarfe

Jirgin ƙarfe shida ya bar Seoul.
Ina kujera ta tara, jikin taga,
wayoyi huɗu jere a tebur kamar ƙwai a faifai,
kwamfuta a cinya, shayin sha'ir yana hucewa.
Aikina ke nan: ina auna shiru.

Wani ɗan shiru ne da ke faɗowa
sa'ad da ƙarfen sabis na baya ya ce, "Ta yi mini nisa, karɓe ta,"
na gaba kuwa bai gama miƙo hannu ba.
Kashi hamsin cikin dubu na daƙiƙa, in an yi sa'a.
In ba a yi ba,
waya ta saki reshe, ganyen ma ya wuce,
sai ta hau lalube
kamar baƙo a gidan da aka ɗauke wuta.

Kilomita ɗari uku a awa.
Gonakin shinkafa suna zubewa baya,
dutse ya buɗe baki ya haɗiye mu,
ya tofar, wani ya haɗiye.
Kowane ƙarfe a kan tudu
yana riƙe mu ne gwargwadon numfashi biyu, uku.

A wannan hanyar, bara waccan,
bayan Daejeon da kaɗan,
uwata Ok-bun ta kira daga Busan,
hayaniyar kasuwar kifi a bayanta.
Ta ce, "Hyeon-suk, na je asibiti, likita ya ce..."
Daƙiƙa biyu.
Da murya ta dawo sai na ji, "...to, shi ke nan fa."
Na ce, "Me ya ce? Sake faɗa."
Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya. Kin ci abinci?"
Har yau ba ta maimaita ba.
Ina ganin ƙwayoyi a bayan tulun miya, ba na tambaya.

Na nemo kiran a cikin bayanai.
Ga shi nan, layi guda, ja.
Na baya ya sake, na gaba bai shirya ba.
Laifin ba na kowa ba ne,
wato dai namu ne.

Wata goma sha huɗu muna kansa, ni da Pyo.
Muka ce: a sanar da na gaba tun kafin a iso,
ya share ɗaki, ya kunna fitila,
waya ta riƙe takardar izini a aljihu,
ba sai ta tsaya neman umarni a bakin rami ba.
Muka ce: kada na baya ya saki hannu
sai ya ji na gaba ya damƙe.
Gwajin farko ya ba mu kunya.
Waya ta rikice tsakanin ƙarfe biyu,
ta je, ta dawo, ta je,
kamar yaron da aka aika ya manta saƙo.
Pyo ya kifa goshi a tebur yana dariya, ni ban yi ba.

Yau ga Daejeon ta wuce.
Lambobi suna sauka a allo: tara, shida, bakwai.
Ido ma bai ƙifta da wannan saurin.
Sai wayata ta biyar, ta cikin jaka, ta yi ƙara.

Kabeji ya yi tsada, in ji ta.
Matar Gong ta sake rini, ya fito ja kamar ƙaguwa.
Kyanwar maƙwabta ta haihu a kwandon kifi.
Dutse ya haɗiye mu, tana magana.
Ƙarfe ya miƙa ta ga ƙarfe, tana magana,
ko tari bai faɗi ƙasa ba.

Na rufe kwamfuta.
Na ce, "Ina ji, Mama. Duk ina ji."
Ta yi shiru.
Na dubi sabis, a cike yake.
Wannan shirun nata ne,
ba ni da ma'auninsa.