Littafin Tsofaffin Motoci

Ni ne magatakarda. Littafin yana hannuna,
mai baƙin bango, da tabon girisi a shafi na uku
inda Hamajoda ya ɗora yatsa yana rantsuwa.

Ƙungiya biyar muka tara a Garwa,
a garejin da ke bayan masu sayar da kifi,
inda iskar Binuwai ke zuwa a gajiye, in ta zo.
Masu Fijo daga Marwa, hula a karkace.
'Yan Basfa na Gidar, su tara, babur bakwai.
Masu Lanroba daga Yagwa, taɓon bara bai saki tayarsu ba.
Direbobin Ngaundere, da ba su iya magana a hankali ba
don injin Barliye ya cinye musu kunne.
Ta biyar mutum biyu ce, wa da ƙani,
kuma ba sa ga maciji.

Aka ce a yi inuwa ɗaya.
To, kowane reshe so yake a kira shi gindi.

Kwana biyu muka yi kan tambaya guda:
yaushe mota ke zama tsohuwa?
Alhaji Njidda ya ce sai ta huta,
kamar Marsandinsa, cikin rumfa, ƙarƙashin tamfol,
ana goge ta ran Juma'a, ta manta ɗanɗanon rami.
Sali ya miƙe, rigarsa na warin albasa:
"Tawa ta girmi taka da damina shida,
kuma gobe za ta Pitowa da buhu goma sha biyu.
Tsohon da ke noma ya daina zama tsoho?"
Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba.
Na rubuta: shekara talatin.
Na rubuta: kuma ta tashi, ko da turi ne.

Ana shirin shafa fatiha sai ga Goggo Didja.
Ba wanda ya aika mata.
Ta kwance bakin zane a kan teburina:
makulli ɗaya, lamba mai tsatsa, murfin lagireto.
"Ta maigidana ce.
Shekara ashirin da biyu tana jan auduga daga Kayele.
Da ya rasu, yara suka kira masu sikeli.
Da wuta aka yanka ta, aka auna ta kilo kilo,
ina tsaye a bakin zaure.
Waɗannan na ɓoye cikin tukunyar gero.
Ku sa ta a littafi."

Doka ta ce sai ta tashi.
Tawadar ma ba ta gama bushewa ba.
Kowa ya shiga kallon takalminsa.

Sai Bakari na Ngaundere, wanda ya fi su kurumta,
ya ɗauki murfin, ya juya, ya shinshina,
ya ce da ƙarfi, yadda ya saba:
"Wata takwas ina neman irin wannan!
Tawa da tsumma nake toshe ta."
Ya fita. Muka bi shi cikin rana.
Ya taka bamba, ya zare tsumman, ya murɗa.
Murfi ya zauna kamar nan aka yanke masa cibiya.
Ya ba ta wuta. Ta yi tari sau biyu,
ta tofar da baƙin hayaƙi,
ta kama.
Ƙasa ta motsa ƙarƙashin tafin ƙafarmu.

Goggo ba ta yi kuka ba.
Ta karkata kai, ta saurara, ta daɗe,
ta ce, "Tamu ta fi wannan zaƙin murya."

Na koma teburi. Lamba ta arba'in da ɗaya.
Mai ita: Didja, matar marigayi Wabi.
A gurbin "tana tashi?" biro ya tsaya mini a sama,
gumi na ɗiga daga gwiwar hannuna.
Sannan na rubuta: e, a Ngaundere.

Har yau ba mu zaɓi shugaba ba.
Kuɗin wata, rabinsu ba su biya ba.
Wa da ƙani kowa ya aiko da wasiƙarsa daban.
Amma jiya wani fistan ya bar Yagwa cikin kwalin sukari,
za shi wurin Sali,
kuma Alhaji Njidda ne ya biya kuɗin mota.
Ya ce kada in rubuta.