Tartsatsin Kawu Nomau

Mushe Tankari ya zana ƙwarya a tabulo,
ƙwaryar da ba ta da baki, gefunanta sai hawa suke.
Ya ja layi ta ƙarƙashinta da guntun alli,
ya ce: wannan yanka ta ya yi, ko shafa?
Mu sittin da bakwai a aji, fanka ta mutu tun bara.
Na ce ido ai ya isa alƙali.
Ya ce ido yana cin hanci, alli ma yana da kauri.

Sharaɗi biyu, in ji shi.
Su haɗu a ɗigo guda,
kuma a ɗigon nan gangarensu ya zo ɗaya.
Ƙwarya x sau x ce, deribe ɗinta biyu sau x.
Layi biyu sau x ne, a cire ɗaya,
gangarensa biyu ko'ina, ba ya sauya hali.
Ita kuwa sai a x ɗaya take kai biyu.
Ya leƙa can: tsayinta ɗaya, nasa ɗaya.
Ya kaɗe hannu. Na kwafa a kaye
kamar ƴar aiken da ba ta san me ke cikin ƙullin ba.

Bayan la'asar na kai wa Kawu Nomau fura a babbar kasuwa.
Yana bayan rumfar mahauta,
bisa keken da bai taɓa zuwa ko Tibiri ba,
yana taka feda, dutsen washi na juyi.
Ya ɗora wuƙar wani mai tsire.

Nan na tsaya da kwano a hannu.
Dutse yana kewaya,
amma wutar ba ta kewaya.
Kowane tartsatsi miƙewa yake sak,
ya bar da'ira ba waiwaye.

Na ce, Kawu, ina suke nufa?
Ya ce, inda dutsen ya dosa sa'ad da ya sake su.
Matsa, Harira, kada su huda miki zane.
Sannan, bai ɗago kai ba:
in ka danna, ƙarfe ya ci dutse, dutse ya ci ƙarfe.
Shafa ake yi. Wuri ɗaya. Sauran sanin kwana ne.

Da dare aka ɗauke wuta a Bagalam.
Na kunna tocilar waya, na sa ɗigo biyu a jikin ƙwarya,
na haɗa su da rula. Wannan yanka ne.
Na matso da na biyu. Yanka.
Na ƙara matsowa,
tazara tana ramewa kamar Gulbi bayan kaka,
ba ta ƙafe ba,
amma na ga inda rula take son kwanciya.
Biyu.
Sauro ya cije ni ban kore shi ba.

Saura wata biyu a yi bak.
In na ci, motar asuba ce zuwa Yamai.
Kayen nan, da bik, da rular da ke hannuna,
duk daga wuƙaƙen mahauta suka fito,
shekara talatin yana tuƙi wuri guda.

Gobe zan sake kai masa fura.
Zan tsaya ta gefen da wutar take fita,
ko da zanen zai huje,
in duba da kyau ina dutsen ya dosa.