Layin Famfo, Daren Jarrabawa

Gobe jarrabawa, na kuma san tambayar da za ta fito:
me ke kawo yaƙi?
Ƙarfe biyun dare na kife littafi
don an buga mana ƙyaure: ruwa ya zo Garin Malam.

Bido arba'in a jere, rawaya, baki buɗe,
tun la'asar suke riƙe wa masu su gurbi.
Famfo na tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.

Malami na farko ya ce duniya unguwa ce ba mai unguwa,
kowa da wuƙa ƙarƙashin matashi,
ba don mugunta ba, don bai leƙa zuciyar maƙwabci ba.
Ga Barira da bido shida
saboda jiya ta ga Cima da biyar.
Cima ta ƙirga, ta aiki yaro ya jawo baho.
Cikinsu ba mai ƙishirwar bido shida.
Tsoro ne mai randar da ba ta cika.

Na biyu ya ce ciniki ke kashe gaba,
mai bin ka bashi shi ke maka addu'ar tsawon rai.
Na yarda. Shekara bakwai Mutari mai kura
bai ɗaga wa matar mai burodi murya ba.
Sai yau, da zubar ruwan ta koma kamar zare,
ya tuna kakanta baƙo ne a Damagaram.

Guga ya tashi sama. Wani ɗankwali ya faɗi cikin caɓi.

Sai ga mota daga wata unguwa, fitila har cikin ido.
Mai ita ya sauko da hannu biyu a sama:
haba jama'a, haba, ku bi tsari!
Ya raba faɗa, ya gyara layi, ya ba kowa lamba.
Muka yi godiya.
Kafin mu gama godiyar
tiyonsa na bakin famfo, tankinsa na sha a bayan mota.

Baba Tanimune na zaune bisa dutse, bai motsa ba.
Ya taɓa sa shuɗiyar hula a wata ƙasa mai yawan ruwan sama.
Na ce Baba, kai da ka gani, me zan rubuta?
Ya ce wata goma sha ɗaya na tsare gada.
Na gabas su gaishe ni da safe, na yamma su miƙo mini ayaba,
da dare su haɗu a mashigi, can ƙasa da mu,
inda takardarmu ba ta ce mu duba ba.
Gadar dai, ko ƙwarzane.

Uku da rabi famfo ya yi shaƙuwa, ya ɗauke.
Ba wanda ya sake zagin wani.
Barira ta kama wa Cima baho, suka bi lungu ɗaya,
Mutari na tura kura, ba nauyi, tana ƙara.
Ban sani ba ko wannan ne zaman lafiya
ko jiran ruwa ne kawai.

Na dawo da rabin bido.
Inna ba ta tambaye ni wa ya fara ba.
Ta girgiza shi kusa da kunne,
ta ce na alwala ne da shayi,
wanka sai bayan jarrabawa.