Sanda ta Sha Biyar

Juma'a ce a Nairn, hadari bai zuba ba, bai kuma tafi ba,
iskar teku na lasar kunnena da harshen mage.
Ni Tanimu, jaka a kafaɗa,
shekara tara ina bin sawun Fergus Rennie a filin ƙwallon lambu.
Na san tarinsa, na san shirunsa,
na san sandar da yake so tun hannu bai miƙo ba.

A rami na uku ya ce, "Ba ni ta bakwai."
Na zura hannu,
yatsana ya ci karo da baƙuwa can ƙasan rigar ruwa:
guntuwar sanda, kamu ɗaya da rabi,
an naɗe mariƙinta da jan zare.
Ta Isla ce, 'yarsa mai shekara biyar,
jiya ta wuni tana sare kan furanni da ita a bayan masauki.
Ta cusa wa baba, wai don sa'a.

Doka ta ce sha huɗu.
Na ƙirga da ido. Na sake da yatsa.
Sha biyar.

Ba wanda ya gani.
Masu kamara sun bi manya can rami na tara,
'yan kallonmu tsoho ɗaya ne da karensa.
Zuciya ta matso ta ce, "Tanimu, mai da murfi.
Abin wasan yara ne, ko ƙwai ba zai fasa ba.
Bugu huɗu za a ɗora masa,
kai kuma kuɗin haya na jiranka a Inverness.
Wa ya aike ka?"

Sai ga muryar Malam Barau daga filin Kaduna,
wanda ya ɗora mini jakar farko ina yaro ba takalmi:
"Wasan nan ba shi da mai gadi.
An yi ƙwallon fari ne don ya tona dauɗar hannu."

Na zaro ta. Na miƙa.

Fergus ya daɗe yana dubanta.
Jijiyar wuyansa ta tashi, ta kwanta.
Na jira ashar, na jira sallama.
Sai ya ɗaga hannu ya yafuto alƙaliya,
wata dattijuwa mai lema da ɗan littafi a aljihu.
"Sha biyar gare ni," ya ce, "tun daga bugun farko."
Ta dubi sandar, ta dubi zaren,
bakinta ya so murmushi, littafi ya hana.
"Biyu a ramin farko, biyu a na biyu. Ka yi haƙuri."
Doka ba ta taɓa haihuwa ba,
ina za ta san jan zare?

Abokin karawarmu, Declan Tuohy, bai ce uffan ba,
hula kawai ya cire, ya riƙe a ƙirji,
kamar ana wucewa da gawa.

Daga nan Fergus ya yi wasa irin na mai biyan bashi.
Ya ƙwato ɗaya a na shida,
ɗaya a na sha ɗaya, daga cikin yashi,
ɗaya a na sha shida, iska na masa gardama.
A na ƙarshe ƙwallo ya zagaya bakin rami,
ya leƙa, ya ga duhu, ya fasa.
Bugu ɗaya ya raba mu da wasan Asabar.

A wurin ajiye motoci Isla ta sheƙo a guje:
"Baba, ta kawo sa'a?"
Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa,
ya mai da sandar cikin tafinta, ya rufe da nasa.
"Ta kawo," ya ce.

Ni kuwa bai dube ni ba sai da ya tayar da mota.
Ya sauke gilashi: "Litinin, ƙarfe shida.
Ka dinga ƙirgawa, Tanimu."

Ina ƙirgawa.
Sanduna da asuba, sanduna da dare,
matakalar jirgin ƙasa, cokulan gidana.
Matata ta ce abin ya zama ciwo.
Ban musa ba.