Bangon da Ke Bin Baƙi

Buhu goma sha biyu na albasa na sayar
ran kasuwar Aliero,
na ce bana kam bangon nan zai sa riga.
Shekara huɗu ke nan yana tsaye cikin siminti,
fuska murtuke, kamar wanda ake bi bashi.

A Jega, shagon Arzika na bayan tasha.
Ya shimfiɗa mini katin launuka a kan benci:
ruwan madara, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙwai,
da wani shuɗi mai kama da sama
in an ɗauke ruwa gab da la'asar.
Nan idona ya tsaya, ya ƙi gaba.

Bokiti biyu ya dire, shuɗinsu ɗaya.
"Wannan, ko da soso ka wanke, yana nan."
"Wancan fa?"
Sai ya ɓantari goro, ya dubi titi.
Kuɗin na farkon ya haɗiye na biyun sau uku.
Na tuna taki, na tuna man injin ban ruwa,
da kuɗin makarantar Hakilu da ke tafe.
Ya ce, "Alhaji, araha ba ta ado."
Na ce, "Ban je Makka ba tukuna,
bango kuma ba biki za shi ba."
Huɗu na ɗauka na arahar, har da ragi.

Nomau mai fenti ya buɗe, ya juya da sanda,
ya ɗaga, abu ya zubo tsululu.
Ya ce, "Kunun gidan rowa ya fi wannan kauri."
Sai da ya shafa sau uku siminti ya daina leƙe.
Amma ranar da ya bushe,
har masu babur rage gudu suke a ƙofata.
Sati uku ina cin tuwo a waje don a gan ni.

Sai damina ta sauka.
Zaure ya fara gumi daga gindi,
ya kumbura, ya tsage, ya yi ɓawo kamar albasata.
Liman ya zo mana barka da farar rigarsa ta Juma'a,
ya jingina, ya sha fura, ya yi addu'a,
ya tashi da bangona a bayansa.
Duk muka yi shiru.
Haka ya ja mu salla, sahu tara na kallon shuɗina.
Tun ranar, wanda duk ya zauna gidana,
unguwa ta sani kafin ya kai nasa.

Ɗakin Inna kaɗai ya tsira,
fentin ya ƙare kafin a iso gare shi.
Idonta ya yi yana, shekara biyu ke nan.
Na ce, "Inna, wane launi?"
Ta ce, "Kore, irin na shinkafa 'yar wata guda,
lokacin da ubanka ke kai ni fadama in gani."
Na ce, "Ai ba ki gani."
Ta ce, "Ai ina taɓawa."

Na koma Jega, sallamata ƙasa-ƙasa.
Arzika bai ce komai ba,
shirun nan ya fi gori zafi.
Galan ɗaya na mai tsadar,
tunkiyata mai baƙin kunne ce ta biya.
Nomau ya tsoma buroshi, ya yi murmushi,
shafi biyu, kafin azahar ya wanke hannu.

Yanzu da asuba ina jin tafinta
yana bin bango daga gado zuwa ƙofa,
sumul, babu garin da ke biyo yatsa.
Jiya Tumba ta manna masa hannun miya,
tsumma ɗaya da ruwa, kore ya dawo.

Zaure kuwa yana nan yana zubar da gari.
Na jingina tabarmi uku a jikinsa,
in baƙo ya shigo, kafin gaisuwa
sai in ce, "Matso tsakiya, Malam, nan ya fi iska."
Ina jiran albasa ta yi kuɗi.
Liman dai har yau daga ƙofa yake gaishe ni.