Ganuwar York, Bayan Aikin Dare

Na tashi daga asibiti, ƙafafuna kamar na aro,
na bar bas ta wuce, na hau ganuwa.

Kowace matakala ta lotsa a tsakiya
kamar dutsen niƙan da ya ga jikoki.
Ba dakaru suka cinye ta haka ba,
takalman masu yanke hanya ne zuwa kasuwa.

A Ƙofar Micklegate, in ji allon bango,
an sha tsire kawunan 'yan tawaye a tsinin mashi,
hankaki na yi musu aski kyauta.
Yau tattabara ce a gurbin,
tana kokawa da ɓawon burodi.

Kafar da maharbi ke leƙen abokin gaba
ba ta kai faɗin tafina ba.
Na kara ido.
Wata tsohuwa ce a bayan gida tana shanya safa.

Can gaba an huda bangon don jirgin ƙasa.
Abin da ya gagari igwa,
tikiti ya yi shi cikin ladabi.
Jirgin ma ya ƙaura, ya bar wa motoci kafar.

A Walmgate ana sayar da shayi a ɗakin masu gadi.
Nan na tarar da Malam Thackray, magini,
farar ƙasa har cikin girarsa.
Ya kama yatsana ya sa a wani gurbi,
ya ce, wai harsashin igwa ne,
ya ce, wannan ba a cikewa,
albashinsa na kula da tabon ne.

Na yi dariya, don na tuna tamu ta Zariya.
Ita ta ƙasa ce, damina na gutsurarta,
mu ma ba mu bar ta ba.
Kakana Ɗanjuma da jakinsa, tun asubar fari,
mangala bayan mangala.
Ɗakin da aka yanke mini cibiya
rabinsa ganuwa ne.
Ban san wa ya fi riƙe amana ba,
mai goge dutse ko mai kwana a ciki.

Da can ganuwa ke kulle gari.
Yanzu da magariba gari ke kulle ganuwa
kada wani ya zame ya karye.

Shayina ya huce.
Na sauka ta ɓangaren da ake kira waje,
inda gidana yake,
ba wanda ya tambaye ni daga ina.